Kina Makka, ɗanki yana Kano, ya ce "da sauƙi"

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Nasiha ce ga iyayenmu mazauna Makka da Jidda da Madina waɗanda 'ya'yansu ke jami'a a gida Najeriya, har da waɗanda yaƙin Sudan na Afrilun 2023 ya tarwatsa karatunsu suka koma Kano ko Zariya ko Sakkwato.

An idar da isha'i a Harami, can Kano kuwa ana shirin magariba, tunda mun riga su da awa biyu. Sai saƙon murya ya shigo: "Umma, jikina ne ba daɗi, amma da sauƙi." Uwa ta saurara sau uku tana auna muryar, abincin dare ya fita ranta. Wannan tsoro ba raunin imani ba ne. Da Annabi Yaƙub (AS) zai rabu da ƙaramin ɗansa, ya ce Allah ne mafi alherin mai tsaro, sannan bai sake shi ba sai da ya karɓi alkawari mai ƙarfi daga yayyensa, ya kuma ce kada su shiga ta ƙofa guda. Ya dogara ga Allah, ya ɗora amana a wuyan mutane, ya yi dabara. Mu kuwa sau da yawa kuka da tura kuɗi kaɗai muka iya.

Abin da ya fi tsoratarwa shi ne zazzaɓin cizon sauro. Yaron da ya tashi a Misfala ko Karantina bai saba da maleriya ba, jikinsa ba shi da garkuwar da abokan ɗakinsa suka samu tun suna ƙanana. Su za su sha magani su tafi lacca, su ce masa "ɗan zazzaɓi ne, zai wuce". Shi kwana biyu ko uku sun isa ciwon ya hau kansa. Saboda haka duk zafin jikin da ya kai digiri 38 a ma'auni, a yi gwajin jini a ranar, kada a jira wayewar gari biyu. Gwajin tsinke a yatsa minti ashirin ne. Ma'aunin zafi kuma ya kasance cikin jakarsa, don tafin hannu ba ya ba da lamba.

Idan gwaji ya nuna maleriya, maganin da aka fi bayarwa shi ne Coartem ko danginsa: sau biyu a rana, kwana uku. Babban mutum ƙwaya huɗu yake sha kowane lokaci in mai 20/120 ce (awon da ke rubuce a kwalin), jimilla 24, ko ƙwaya ɗaya in mai 80/480 ce. Sha na biyu bayan awa takwas da na farko. A sha da madara ko abinci mai maiƙo, domin a cikin da babu komai maganin ba ya shiga jini sosai. A nan ake kuskure: yaro ya ji ƙarfi a rana ta biyu ya ajiye sauran, bayan mako biyu ciwon ya dawo. In ya amayar da shi nan take, sai ya sake sha. In aman ya ƙi tsayawa, ko ya fara sambatu, ko jijjiga, ko idonsa ya yi ɗorawa, ko fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, ko numfashi ya yi wuya, maganar ƙwaya ta ƙare. Asibiti, a ba shi gado, a yi masa allurar artesunate. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya lokacin zafi ma haka, ba a kwana da shi a ɗaki.

Iyaye, don Allah ku daina zama likitoci ta waya. Wata ta ce ya sha Panadol, goggo ta ce ya ƙara da na mura, alhali na murar ma akwai paracetamol a ciki. Iyakar babba giram huɗu ne a awa 24, wato ƙwaya takwas masu 500, abin da ya haura hanta yake ci. Ragowar amoxicillin da wani ya bari ba ya kashe maleriya. Addu'a da zamzam da habbatus sauda muna yi, muna kuma fatan albarkarsu, amma Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce a nemi magani. Ki tofa masa ta waya yana kan hanyar asibiti.

Sai batun wakili. Kafin ya sauka a filin jirgi, a samu mutum guda a garin, kawu ko baffa ko aminin mahaifinsa, a faɗa masa baki da baki cewa amana ce. "Ai muna da dangi a can" ba wakilci ba ne. Ranar da abin ya faru kowa zai zaci wani ya je. A ajiye kuɗin gaggawa a hannunsa, don asibitoci da yawa sai an biya kafin gwaji da magani, kuɗin da aka turo daga nan kuwa yana iya kwana a hanya. A karɓi lambar abokin ɗakinsa ma, shi ne zai ga abin da yaron ke ɓoyewa saboda kara. Ya kuma buɗe kati a asibitin makaranta tun makon farko. Yawancin jami'o'i suna haɗa kuɗin inshorar lafiya cikin na rajista, amma mai lafiya ba ya tunawa da layin kati.

Takarda guda ta kasance a wayarsa da ta wakili, da Turanci, don rahoton Larabci ba kowane likita zai karanta ba. A rubuta rukunin jininsa, ko yana da sikila, maganin da jikinsa ba ya so, da ainihin sunan maganin da yake sha da awonsa, tunda sunan kamfani a saidaliyyar Jidda ba lallai ya zama na kemis ɗin Kano ba. In an taɓa hana shi cin ful saboda ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, a rubuta da manyan baƙaƙe, akwai magunguna irin su primaquine da ke farfasa masa jini. Mai sikila kuwa kowane zazzaɓi gaggawa ne. Insulin da za a ba mai umara ya kai masa ya shiga jakar hannu cikin sanyi, a ɗakin kaya na jirgi yana iya daskarewa ya lalace.

Wani abu mai ɗaci ga uwa: in yaro ya wuce shekara sha takwas, likita yana da haƙƙin ƙin faɗa miki komai sai da yardarsa. Wanda ake yi wa faɗa duk lokacin da ya ce ba shi da lafiya, gaba shiru zai yi. Maimakon "ya jikin?", tambaye shi nawa ma'auni ya nuna, me ya ci, sau nawa ya yi fitsari, wa ke tare da shi.

In ya zo hutu ma kada a saki jiki. Ciwon yakan bayyana mako guda zuwa biyu bayan cizon, wani lokaci fiye. Idan zazzaɓi ya kama shi a Jidda, abu na farko da zai faɗa wa likita shi ne daga Najeriya ya dawo, ya nemi gwajin maleriya, don a nan an fi sabawa da mura da dengi.