Kalmomin Ƙiyayya Na Turanci: Ku San Nauyinsu Kafin Ku Furta Su

Ya ku ƙannena maza da mata, musamman masu shirin rubuta jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, da waɗanda Allah ya sa suka riga suka shiga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji a nan Bauchi, akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a tsakaninku wadda ta daɗe tana damuna. Yaro zai haddace kalma mai nauyi daga littafin shirin jarrabawa da daddare, kafin gari ya waye ya jefi wani da ita a Facebook, alhali ƙin da ke ransa bai kai nauyinta ba, so kawai yake a ce ya iya Turanci.

Wani ɓangare na laifin yana wuyan irin karatun da muke yi. Littafi zai jera "hate" da "detest" da "loathe" da "abhor" da "despise" a layi ɗaya, domin jarrabawa tana tambayar kalmar da ta fi kusa da wata a ma'ana, sai ɗalibi ya ɗauka ko wacce ya ɗauko daidai ne. Amma a Hausa ba mai yarda da wannan. Wanda ya ce "ba na son abu kaza" ya san bai ce "na tsane shi" ba, wanda ya ce "ina ƙyamarsa" ya san ya wuce nan, shi kuwa wanda ya ce "na raina shi" ya taɓo mutuncin mutum ne kai tsaye. Turanci ma haka yake da hawa-hawa, kuma masu harshen suna jin bambancin kamar yadda kuke jin naku.

Mafi sauƙinsu ita ce "dislike", wato rashin so ba tare da zafin rai ba. Idan abu ya ishe ka, kamar jira a layin banki ko hayaniyar kasuwar Wunti, maganar yau da kullum ita ce "I can't stand it". Ita kuwa "hate" tana da fuska biyu. Bature yakan faɗe ta a kan cunkoson motoci ko sanyin safiya ba tare da kowa ya ɗaga kai ba, amma da zarar an ɗora ta a kan mutum, balle a kan wata al'umma, ta zama tsana tsagwaronta. "Detest" ta fi ta ƙarfi, kuma an fi ganinta a rubutu. "Loathe" tsana ce mai haɗe da ƙyanƙyami. Ku lura kada ku rikita ta da "loath" marar harafin ƙarshe, wadda take nufin jan ƙafa wajen yin abu. "Abhor" kuma kalmar manyan jawabai ce, ana ɗora ta a kan zalunci da cin hanci da zubar da jini, don haka wanda ya ce yana "abhor" ɗin miyar kuɓewa ya mai da kansa abin dariya ga duk wanda ya san harshen.

Wadda na fi jiye muku tsoronta ita ce "despise". Asalinta daga Latin yake, inda take nufin duban abu daga sama zuwa ƙasa, kuma har yau wannan raini yana cikinta. Idan abokin karatunka ya saɓa maka a muhawarar siyasa ko ta ƙwallo, ka rubuta masa "I despise you" a bainar jama'a, ba ce masa ka yi ra'ayinsa bai gamsar da kai ba. Ce masa ka yi shi ba kowa ba ne a idonka, bai kai matsayin da za ka mutunta shi ba. Da a Hausa ne za ka faɗi wannan gaba da gaba a majalisarku, da harshenka ya yi nauyi, domin ka san iyayensa, ka san gidansu, kuma gobe za ku haɗu a masallaci ko wurin ɗaurin aure. Baƙon harshe yana cire wa mutum wannan kunyar, saboda kalmar ba ta yi masa zafi a baki, amma wanda aka faɗa wa yana jin zafinta cikakke. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka rubuta ta fi muni, tunda ana ɗaukar hotonta a ajiye.

Haka "disgusting" take. A ce abokinka ɗan kudu, mai bautar ƙasa, ya gayyace ka masaukinsa a Yelwa, ya zuba maka abincin garinsu, ka ɗanɗana ka ji bai yi maka ba, sai ka yamutsa fuska ka ce "It is disgusting". Ka kira abincin mahaifiyarsa ƙazanta ke nan. Ka auna yadda za ka ji idan baƙo ya faɗi haka a kan masa da miyar taushe da muke alfahari da su a Bauchi. Abin da ya dace shi ne "I am not used to it" ko "I am not very keen on it", domin sun isar da gaskiyarka ba tare da cin fuska ba.

Ta fuskar nahawu kuma, ba a cewa "I am detesting" ko "I am abhorring", domin waɗannan aikatau suna bayyana halin zuciya ne. Ana cewa "I detest lying", ba "I detest to lie" ba, ko da yake "hate" tana karɓar sigogin biyu.

Inda abin ya fi haɗari shi ne a ɗora irin waɗannan kalmomi a kan ƙabila ko addini. Jiharmu ta tara Hausawa da Fulani da Jarawa da Gerawa da Sayawa da Bolawa da sauransu, Musulmi da Kirista, kuma manyanku sun ga irin asarar da rikici yake jawowa. Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015, a sashe na 26, ta haramta zagin mutane ta kwamfuta ko waya saboda ƙabilarsu ko launin fatarsu ko asalinsu. Tun kafin wannan doka, Allah Maɗaukakin Sarki ya gargaɗe mu a aya ta 8 ta Suratul Ma'ida cewa kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Saboda haka ku saba wa harshenku ɗora kalma mai nauyi a kan aiki, ku ce "I abhor injustice" ko "I detest cheating", ku bar mutumin da mutuncinsa.

Marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa yake nan cikin garinmu, malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, kuma shi ne ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a ranar 7 ga Oktoba, 1960, lokacin da aka karɓi Nijeriya a cikinta. An yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, kuma duk wanda ya saurari jawabansa zai ji natsuwa da auna kalma, ba tarin kalmomi masu tsoratarwa ba.

Idan aka ce ku rubuta wasiƙa zuwa ga editan jarida a jarrabawa a kan satar amsa ko shaye-shaye, "condemn" da "deplore" da "object to" sun fi "hate" dacewa, domin suna nuna hukuncin hankali, kamar yadda muke cewa Allah wadai ko tir. Idan kuma kun je ganawar neman aiki aka tambaye ku dalilin barin wurinku na baya, kada "I hated my boss" ta fito daga bakinku ko da gaskiya ce, domin mai tambayar zai fara tunanin abin da za ku faɗa a kansa shi ma wata rana. Ku ambaci abin da bai dace da ku ba a tsarin aikin, da abin da kuke fatan samu a sabon wurin.