"Mu jira mu gani" ita ta ci mu a 2020

Wannan sautin da ke yawo a WhatsApp tun jiya, wanda mai maganar ke cewa Omicron, wato wani nau'in cutar korona, mura ce kawai, a bari sai an ga asibiti ya cika kafin a ɗaga wa mutane hankali, wallahi ya ɓata min rai. A Kano ake faɗar wannan? Kanon da masu haƙar kabari suka gaji a watan Afrilun 2020?

Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko mai korona a jihar nan. Ranar 27 ga wata Shugaba Buhari ya rufe Kano. Daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 suna da alaƙa da korona. Malamanmu ne, iyayenmu ne, dattawan unguwa ne.

Jira ba ya aiki da wannan cutar, kuma dalilin lissafi ne. Wanda ya kamu yau sai bayan kwanaki zai ji a jikinsa, alhali ya riga ya fara yaɗawa. Numfashi kan tsananta ne a mako na biyu. Ke nan gadon asibitin da ka gani cike yau, labarin makonni biyu ko uku da suka wuce yake ba ka. A Ingila, a watan Disambar 2021, adadin masu Omicron ya riƙa ninkawa duk kwana biyu zuwa uku. Ɗauki uku: mutum 10 za su zama 1,280 cikin kwana 21. Afirka ta Kudu ta sanar da nau'in ranar 24 ga Nuwamban 2021, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da shi a Najeriya ranar 1 ga Disamba. Mako guda tak.

Wai ai nau'in Omicron ba shi da zafi. To mu ƙaddara haka ne. In haɗarinsa rabin na Delta ne, nau'in da ya gabace shi, amma ya kama ninki huɗu, masu neman iskar oksijin sun ninka. Ina silindar?

Wai Allah ne mai karewa. Haka ne, kuma Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, bai jira ya gani da idonsa ba.

Ba wanda ya ce a rufe Kwari ko Sabon Gari. Matakin wuri shi ne ma yake hana kulle. Ta iska cutar ta fi yaɗuwa, ga shi hunturu ya sa kowa ya toshe taga. A masallaci, aji da zaure a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, fanka a ɗaki rufaffe juya iskar kawai take yi. Ɗaurin aure da zaman makoki a fito da su waje. Takunkumi ya rufe hanci da baki, wanda ke rataye a haɓa bai tsare komai ba. Na asibiti in ya jiƙe a yar, na yadi a wanke kullum da sabulu a shanya a rana. A adaidaita sahu, inda ake kafaɗa da kafaɗa, nan ya fi wajaba.

Allurar rigakafi kuma sai ta yi kamar mako biyu kafin jiki ya gina kariya. Wanda ya bari sai maƙwabcinsa ya kwanta ya makara. A fara kai Baba da Hajiya, da mai ciwon suga da hawan jini. Mai mura da ƙaiƙayin maƙogwaro ya yi gwaji, ya haƙura da gaida tsofaffi na ɗan lokaci.

Masu na'urar nan ta awon oksijin da ake maƙalawa a yatsa, ku kula: yatsa mai sanyi yana ba da lamba ta ƙarya, haka jan farce. A murza hannu ya yi ɗumi, a zauna shiru minti biyar, sannan a auna. In ta tsaya ƙasa da 92, kada a tsaya jiƙa sassaƙe ko aiken yaro kemis, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.