Raunin tayirod yana shafar baki da haƙora

Mutane da yawa suna ɗauka cewa matsalar tayirod, wato wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya mai samar da sinadarin da ke daidaita aikin jiki, ba ta wuce kumburin wuya da ake kira maƙoƙo ba, shi ya sa ba sa ambata ta idan sun je wurin likitan haƙori. Wannan kuskure ne, domin idan tayirod ba ya samar da isasshen sinadarinsa, aikin jiki gaba ɗaya yana yin sanyi, har da na baki. Harshe kan kumbura har a ga shatin haƙora a gefensa, raunin da aka samu bayan cire haƙori kan daɗe bai warke ba, yaro kuma haƙoransa kan yi jinkirin fitowa.

Abin da ya fi damuna shi ne bushewar baki, musamman ga masu cutar Hashimoto, wadda a cikinta garkuwar jiki ke kai wa tayirod hari har ya yi rauni, domin yawu ne yake wanke ragowar abinci, idan kuma ya ragu sai ruɓewar haƙori da ciwon dasashi su samu ƙofa. Wajibi ne mai raunin tayirod ya sanar da likitan haƙori halin da yake ciki, saboda magungunan sa barci suna yi wa wanda cutarsa ba ta daidaita ba ƙarfi fiye da kima.