Yabon Ubangiji ba ya jiran rumbu ya cika

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku. Godiyar kaka ta matso, kuma akwai maganar da nake so mu yi tun kafin a fara shigo da dammunan dawa majami'a.

Ina ƙaunar wannan rana ƙwarai. Manomi ya shigo da damin gero a ka, wata mama ta riƙo zakara an ɗaure masa ƙafafu, yara suna jan buhun gyaɗa sun kasa ɗagawa. Matan zumunta sun sha zani iri ɗaya, ana buga bakin tulu da tafin hannu, mai ba da waƙa ta bayar, jama'a ta amsa. Dattijon da kullum yake kukan ciwon gwiwa, sai ga shi yana taka rawa har gaban bagade da ƙwaryar wake a hannu. Ni dai duk shekara sai na ji hawaye, don murna.

Amma ga abin da ke damuna. Lokacin ba da shaida a wurare da yawa ya zama na wanda ya sayi mota, ko ya sami biza, ko aka yi masa ƙarin girma a wurin aiki. Alherin Allah ne, mun gode tare da su. Sai dai gwauruwar da ta kwana lafiya da marayunta, ta kuma sami abin ɗorawa a murhu, kunya take ji ta tashi, tana ganin nata bai kai a faɗa ba. Ya kai mana, Mama! A Zabura 103, da Dauda ya tashi lissafa alheran Ubangiji, da gafarar zunubi ya fara, wadda mai mota da mai tafiya a ƙasa duk suka samu kyauta.

Annabi Habakkuk ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya zama wayam, shi zai yi farin ciki da Allah Mai Cetonsa. Bulus da Sila kuwa a kurkukun Filibi, bayansu duk shatin bulala, ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suke rera yabo, sauran fursunoni na saurare. Lokacin da suka ɗaga murya ƙofofin suna kulle.

Mu ma mun gani da idonmu. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta fara a Garkida a 1923, ta sha wuta a 2014. A watan Afrilu aka sace 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan ekklesiyar ne. A watan Oktoba Boko Haram ta kama hedkwatarsu a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. A shekarar da ta biyo baya mawaƙan zumuntar matansu suka zagaya majami'u a Amurka suna rera yabo da Hausa. A 2023 kuma ekklesiyar ta yi bikin cika shekara 100. Waɗannan iyayen namu sun riga sun saba yin waƙa a bakin turmi da kan hanyar rafi, shi ya sa da masifa ta zo ba ta iya rufe musu baki ba.

Don haka nake roƙon iyaye, ku dawo da sujadar safe a gida. Waƙa ɗaya, aya ɗaya, kowane yaro ya faɗi abin da yake gode wa Allah dominsa, kafin a watse zuwa makaranta da kasuwa. Baba Fasto da dattawa, bana idan an zo shaida, don Allah ku fara kiran wanda fari ko ambaliya ta cinye gonarsa amma ya zo da mudu ɗaya.

Wace waƙar yabo kuke tashi da ita a gidanku? Ku rubuto mini, ina so in koya wa yarana sababbi kafin ranar godiya.