Dajin Azawak yana da masu shi, kuma rijiya ce shaidarsu

Duk wanda ya bi hanyar Tahoua zuwa Abalak cikin watan Afrilu, ya ga fili shimfiɗe babu gida babu gona, zai iya rantsuwa cewa ƙasar nan ba ta kowa ba ce. Wannan zaton ne ya fi kowace tatsuniya yi mana ɓarna a arewacin jihar Tahoua, dajin kiwon da ake kira Azawak. Turawan Faransa sun shigar da shi cikin dokokinsu, suka ce ƙasar da babu alamar aiki a kanta ta gwamnati ce. Bayan sun tafi muka ci gaba da riƙonsa: manomin da gonar gado ta yi masa kaɗan a Adar, ƙasar noma da ke kudu da Azawak, yana ganin arewa daji ne na Allah, attajirin birni kuma yana ganin fili ne da ke jiran wayar shinge.

A kudu labarin da ake kafa hujja da shi daban ne. Kusan kowane gari yana da nasa: kakanmu maharbi ne, shi ya fara zuwa, ya shirya da iskokin wurin, ya sari daji, ya gina rijiya. Ban raina waɗannan labarai ba, domin su ne suka riƙe tsarin gado da aro da jingina shekaru aru-aru. Matsalarsu ɗaya: gatari kawai suke gani. Sawun garken da ke bi ta wurin kowace kaka tun kafin a kafa garin ba ya shiga lissafi, don kofato ba ya barin kututture. Tarihin Adar kuwa bai taɓa zama na ƙabila guda ba. Aznan duwatsu, da zuriyar Agabba, ɗan sarkin Abzin, da ta zo daga Agadez a ƙarni na 17, da Abzinawan Kel Gres da na Iwillimidan na Azawak, da Fulani, duk sun yi zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: hatsi ya tafi arewa, gishiri da dabba su gangaro kudu, garke ya kwana a gona ya bar taki.

Doka ta san da wannan. Ranar 26 ga Mayu 1961 aka kafa doka mai lamba 61-05 wadda ta shata iyakar noma ta arewa, kusan inda ruwan shekara yake tsayawa a milimita 350. Arewa da wannan layi an hana buɗe sababbin gonakin damina, sai ɗan abin da makiyayi zai shuka don bakinsa da kuma lambunan dausayi, kuma in dabba ta ci shuka a can babu diyya. Dokar ƙasar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ba makiyaya haƙƙin fifiko a wurin da suka saba zama, ta kuma fito da kwamitocin filaye da ake kira Kofo. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta sake tabbatar da layin 1961, ta ce yawon kiwo haƙƙi ne, ta hana wani ya mallake filin kiwo shi kaɗai.

To me ya hana zaman lafiya? Layin yana cikin takarda, ba ya ƙasa. Babu turakun da manomi zai gani ya ce nan ne iyaka. Ga fari na 1973 da na 1984 da suka kashe dukiya, har makiyaya da yawa suka koma shuka hatsi don su rayu, wasu kuma don gonar ta zama shaidar cewa wurin nasu ne. Ga jawabin shugaban ƙasa Seyni Kountché na 1974 cewa gona ta mai nomanta ce, wanda ya ƙara wa mutane ƙarfin gwiwar saran daji. Ga yawan jama'a: ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan uku a jihar Tahoua kaɗai, kusan adadin Nijar duka a lokacin samun 'yancin kai.

Amma a ganina ƙaramin manomin da ya haura layi da kwashe da haywa ba shi ne babbar barazana ba. Rijiya ce. A Azawak wanda ya riƙe ruwa ya riƙe ciyawa. Da rani, bayan tabkuna sun ƙafe, saniya ba ta iya nisa da mashaya fiye da abin da za ta je ta dawo cikin kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka duk buɗun da ke kewaye da rijiya yana hannun mai rijiyar, ko da ba shi da takardar taku ɗaya na filin. A al'ada wannan iko yana da linzami. Baƙo ya iso da garkensa, ya gai da masu wuri, a ba shi layi bayan dabbobin gida sun sha, a yanka masa kwanakin da zai yi gwargwadon ciyawar da ta rage. Ba a hana shi, domin mai rijiyar ya san baɗi ruwa na iya tsallake nasa yankin, shi ma ya zama baƙon wani. Yanzu sai mai kuɗi ya sami izinin gina rijiyar siminti ko ta burtsatse, ya zuba shanu dubbai da 'yan kiwon haya, ya sa wa ruwa kuɗin da talaka ba zai iya biya ba, ko ya rufe bakin rijiyar sai nasa sun sha. Bai kafa shinge ba, amma ya cinye daji. Wani ma har shingen yake kafawa.

Dokar 2010 ta hango wannan, shi ya sa ta sa tazara tsakanin mashaya: kilomita 15 ga rijiyoyin gargajiya, 20 ga na siminti, 30 ga na burtsatse. Hikimar ita ce kada ruwa ya yi yawa a wuri guda har ciyawar ta ƙare kafin damina, ƙasa ta zama fako. Ta kuma ce sai an tuntuɓi mazauna wurin kafin a ba da izini. A nan ake yin sakaci. Sa hannun mutum ɗaya ba shawarar jama'a ba ce, kuma Kofon da ba ta da mota ko kuɗin mai ba za ta je ta auna tazarar ba.

Abin da aka matse a arewa kudu yake fashewa. Garken da bai sami wurin zama ba yakan gangaro da wuri, tun hatsi na tsaye ko wake bai bushe ba, ya tarar an cinye burtali da gona, an shuka bakin tabki, an kwashe kara da harawa an kai kasuwa. Haka ake samun ɓarnar dare, daga nan sai sanda da takobi. Mutanen Bangi ta Madawa ba su manta da Nuwamban 2016 ba, inda aka rasa rayuka kusan ashirin, kamar yadda ba a manta da Toda ta jihar Maradi a 1991 ba, inda aka kashe sama da mutum ɗari.

Aikin da ke gaban gwamna da sarakuna da magadan gari ba sabuwar doka ba ne. A fara da ƙidayar mashayan Abalak, Cintabaradan, Tasara da Tiliya: wa ya gina, da izinin wa, nawa ne tazararta da ta kusa, nawa ake sayar da ruwa. Wadda aka gina ba bisa ƙa'ida ba a mayar da ita ta jama'a ƙarƙashin kwamitin da makiyayan wurin ke ciki. Burtali kuma a bi shi da ƙafa tare da manoma da ardo da wakilin Kofo, a rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu, sannan a kafa turakun siminti, kuma a yi haka da rani kafin shuka, domin tumɓuke hatsin da ya tsiro faɗa yake jawowa. Ranar sakin gonaki a tsayar da ita bayan an duba gonakin da ido, a sanar ta rediyon gari da Hausa da Fulatanci da Tamajak. In ɓarna ta auku, a auna faɗin abin da aka ci, a ƙiyasta amfaninsa da farashin kasuwar ranar, a rubuta takardar sulhu gaban sarki, kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa.

Layin 1961 kansa yana bukatar a zauna a kansa da gaskiya. Garuruwan da suka shekara arba'in a bayansa ba za su tashi ba, kuma faɗin haka ba cin amanar makiyaya ba ne. A shata gonakin da ke akwai, a rubuta su, a hana ƙari, sauran filin kuma a shigar da shi rajistar Kofo da sunan kiwo, yadda duk mai neman izinin rijiya ko shinge zai tarar an riga an rubuta masu wurin.