Man Giya a Tsohuwar Mota: Nasiha Ga Ƙannena Masu Son Yi da Hannunsu

Assalamu alaikum. Wannan magana da ku nake, 'yan'uwana matasa, musamman ƙannena da Allah ya hore wa tsohuwar mota mai giyar hannu, ko ta gado ce, ko kuwa 'yar Kwatano ce da aka daɗe ana tara kuɗinta. Na lura kusan kowannenku yana buɗe bonet da safe ya zaro sandar baƙin mai ya duba, ya ƙara ruwa a lagireto, amma idan aka tambaye shi yaushe rabon da a duba man giyabos, sai ya yi shiru, wani ma bai san akwai mai a cikinsa ba. Ba na ganin laifinku sosai, domin yawancin motoci masu giyar hannu ba su da sandar awon wannan mai, ba su kuma da fitilar da za ta kama ta gargaɗe ka. Giyabos yana cin wahalarsa shiru, ranar da ya fara kuka kuwa, galibi ɓarnar ta riga ta yi nisa.

A cikinsa babu famfon da ke tura mai kamar na inji a mafi yawan motoci. Haƙoran giyar ne suke tsoma kansu cikin man, su watsa shi sama zuwa ga boris, wato ƙarafan da sandunan giya ke juyawa a kansu, da zobban tagulla masu daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga. Saboda haka idan mai ya yi ƙasa, abin da ke sama shi ne yake fara bushewa. Ku tuna da irin tuƙin da muke yi a Kano, daga cunkoson Kurna zuwa na Kantin Kwari, ƙafa kan kuloci, hannu bai bar giya ta ɗaya da ta biyu ba, ga zafin watan Afrilu. Idan giya ta fara yi maka tauri da safe, ko tana ƙarar gurzawa wajen shiga, ko ka ga danshin mai ya kama ƙura a inda shaf, wato sandar da ke kai juyi zuwa tayoyi, yake shiga giyabos, to lokacin dubawa ya yi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne maganar da nake yawan ji cewa ai mai, mai ne. Ba haka ba ne. A jikin galan za ka ga lambar kauri, kamar 75W-90 ko 80W-90, za ka kuma ga lambar ajin man, GL-4 ko GL-5, kuma mutane da dama suna ɗauka biyar ta fi huɗu kyau tunda ta fi ta yawa. GL-5 an yi shi ne musamman don haƙoran aksul masu ɗaukar matsi mai tsanani, yana ɗauke da sinadarin farar wuta mai yawa, wanda kan iya cin zobban tagullar wasu tsofaffin giyabos, ya kuma sa su santsi har su kasa kamawa. Tsohuwar Golf GL-4 take so. Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, man inji ake zuba wa giyabos ɗinta, aksul ɗinta na baya kuma yana da nasa man daban, haka ma tsofaffin Honda da man inji mara kauri aka san su kafin kamfanin ya fito da nasa man giya. Don haka ka nemi littafin motarka, idan ya ɓace ka tambayi tsohon bakanike wanda ya ƙware a irinta, domin matambayi ba ya ɓata. Idan ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa saye, ka nemi galan mai hatiminsa a rufe, ka guji wanda ake aunawa a gorar ruwa ba suna ba lamba, komai arahar sa.

Kafin ka kwanta a ƙarƙashin mota, ina roƙonka don Allah ka tuna da mahaifiyarka. Jak an yi shi don ɗaga mota a canja taya, ba a yi shi don ya riƙe ta mutum yana ƙarƙashinta ba, bulon siminti kuma yana fashewa ba tare da ya ba da sanarwa ba. Ka sami ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ka ja birkin hannu, ka sa waigi a tayoyi, ko ka biya ɗan abin da ya sawwaƙa a bar ka ka yi aiki a ramin gareji. Dole ne kuma motar ta tsaya a daidaice, gaba bai fi baya tudu ba, domin ramin zubawar shi ne ma'auninka, kuma mota karkatacciya ƙarya za ta faɗa maka. Kada ka yi aikin kai kaɗai a gida.

Noti biyu ne a jikin giyabos, na zubawa a gefe, na tsiyayewa a ƙasa, kuma na gefen za ka fara kwancewa. Wannan darasi da kaina na koye shi a kan Golf ɗin da na fara mallaka. Wata Asabar da hantsi na kwance na ƙasa, mai ya tsiyaye tas, sannan na koma kan na gefe na tarar tsatsa ta cinye shi ya ƙi motsi. Na matsa masa da makullin da bai zauna daidai ba, ramin notin ya lalace, ƙarfen yana zamewa a ciki. Kwana uku motar tana tsaye a ƙofar gida babu ɗigon mai a giyarta, ba ta tuƙuwa zuwa gareji, sai da na ɗauko bakanike da mai walda har gida. Da na fara da na gefen, da na gane matsalar tun man yana ciki. Ka kankare ƙasar da ta toshe kan notin, ka sa makullin da ya dace da shi daidai, domin na Golf mai kusurwa shida ne lamba 17, na Peugeot kuma mai kusurwa huɗu.

Ka ɗan zaga da motar minti goma kafin ka fara, saboda mai ɗumi ya fi saurin fita, amma ka kiyayi salansa kada ya ƙona ka. Idan man ya sauko cikin roba, ka tsaya ka dube shi da kyau, domin shi ne labarin cikin giyarka. Warinsa mai ƙarfi ba abin tsoro ba ne, haka yake. Notin ƙasa a motoci da yawa yana da maganaɗisu, kuma idan ka ga laushin garin ƙarfe ya manne masa kamar kwalli, wannan cin yau da gobe ne, ka goge shi da tsumma. Amma idan ka murza ka ji ɓarɓashi yana sukar yatsa, ko ka ga ƙyalli ruwan zinare yana yawo a man, zobban tagulla ne ko haƙora suke ci, kuma sabon mai ba zai warkar da su ba. Idan kuma ya fito fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ne ya shiga, abin da kan faru bayan an kutsa ambaliyar damina.

Ka mayar da notin ƙasa da sabuwar wosha, ka ɗaure shi daidai misali, domin jikin giyabos da yawa alminiyom ne, zarensa ba ya jure ƙarfin tuwo. Sannan ka sa siririn tiyo a bakin mazurari, ka zuro shi ta saman inji zuwa ramin gefe, ka riƙa zubawa a hankali, tunda man giya kauri gare shi, ba ya son gaggawa. Ƙananan motoci irin Corolla da Golf sukan ci kusan lita 2. Da zarar ya fara dawowa ta bakin ramin, ka dakata ka bar rarar ta tsiyaye, sannan ka rufe. Kada ka ɗaga gefen mota don ka cusa ƙari da sunan kyautatawa, domin mai idan ya yi yawa kumfa yake yi, ya ƙara zafi, ya nemi hanyar fita ta sil, wato robar da ke tare mai kada ya zuba.

Tsohon man kuma kada ya shiga kwata, domin ruwan unguwanninmu da yawa kogin Jakara yake gangarawa, inda ake ban ruwan lambu da shi, wani kuma ƙasa yake shiga kusa da rijiyoyi. Ka ɗura shi a galan ɗin da ka juye, ka kai wa masu juyen mai. Da daddare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, da safe ka duba ko akwai ɗigo, sannan ka rubuta kwanan wata da lambar kilomita a ɗan littafi ka ajiye shi tare da takardun motar.