Radar ɗaya, aiki biyu: a gyara ma'auni kafin a sauke tsoffin faranti

Farantin radar yanayi ta NEXRAD a Amurka faɗinsa mita 8.5 ne. Sai ya zagaya, ya ɗan ɗaga kai, ya sake zagayawa, kafin ya gama leƙe sararin sama minti huɗu zuwa shida sun tafi. Guguwa kuwa tana iya haɗuwa ta sauka cikin wannan ɗan lokaci. Shi ya sa ake ɗokin radar da ba ta juyawa: allo ne a kafe, cike da dubban ƙananan eriya, ana jinkirta siginar kowacce kaɗan, sai igiyar ta karkata inda ake so cikin ƙiftawar ido. Ta gwajin da aka kafa a Norman, jihar Oklahoma, a 2018 allonta ya ƙunshi ƙananan alluna 76, kowanne da eriya 64, jimilla 4,864.

Daga nan aka ce me zai hana na'ura guda ta riƙa duba hadari tana kuma sa ido kan jiragen sama? A ganina gaggawa ce.

Matsalar farko lokaci ne. Radar filin jirgi irin ASR-9 tana sabunta wurin da jirgi yake duk daƙiƙa 4.8, kuma mai kula da zirga-zirgar jirage ba zai jira ba. Awon yanayi kuwa sai an tsaya a kusurwa ɗaya an aika sigina masu yawa kafin a san gudun iska. Ranar da hadari ya haɗu jirage suka taru suna neman sauka, aikin yanayi ne zai ja baya, a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Ta biyu ta fi wuya. Ana gane ruwa daga ƙanƙara ne ta hanyar aika igiya biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, a gwada bambancin abin da ya dawo. Kuskuren da ake so kada ya wuce a wannan awon desibel 0.1 ne (desibel ma'aunin ƙarfin sigina ne). Amma da zarar an karkatar da igiya digiri 45 daga tsakiyar allo, tana faɗaɗa da kusan kashi 40 cikin 100, biyun kuma su fara kutsawa cikin juna. Ga zafi da ke sauya halin kowace ƙaramar eriya, sai awon asuba ya bambanta da na azahar.

Don haka a gina ta yanayi tukuna, a ajiye ta kusa da tsohon faranti, a gwada alƙalumansu damina bayan damina, kusurwa bayan kusurwa, sannan a ɗora mata aikin jirage.